Hannun Dama na Yakuba Daktilo

Ranar da Yakuba ya fara taka gidan Ya Kaltuma a unguwar Birni ta Damagaram, da faɗa suka buɗe. Shi a lokacin saurayi ne ɗan Zermu, dogo mai siririn wuya, ya samu aikin buga takardu a wani biro, wato ofishin gwamnati, yana yawon neman ɗakin haya. Ita kuwa Babarbariya ce mai haɗa turaren wuta, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ɗakin da ke cikin zaurenta na zaune banza. Suka daidaita. Ta kwance ɗan makulli daga bakin zanenta ta miƙa masa. To, keken rubutunsa na rungume a hammatarsa ta dama, wani baƙin ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa, sai ya miƙo hagu zai karɓa.

Ta dubi hannun, ta dubi mai hannun, ta saki makullin ya faɗi ƙasa.

"Kai, ɗan gidan wa ne kai? A makarantar lakwal aka koya maka karɓar abu a hannun babba da hagu, ko haka kuke yi a Zermun?"

"Ki yi haƙuri, Iya, kayan ne ya tare mini..."

"Kayan jariri ne da ba ya ajuwa a ƙasa? Hannun tsarki za ka miƙo mini da farar safiya a ƙofar gidana?"

Ba ta yi shiru ba sai da matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, masu wucewa suka tsaya. Yakuba ya aje ƙarfensa, ya durƙusa, ya ɗauki makullin da dama, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Unguwa ta daɗe tana tsokanarsa da zancen. Daga ranar kuwa ba wanda ya sake ganin hagun Yakuba a gaban babba.

Haka ya zauna a ɗakin nan har furfura ta fito masa. Ya yi aure a Zermu, ya bar matarsa Maryama da yara a gidan gado suna kula da gona, shi yana leƙa su ƙarshen mako, da damina kuma ya karɓi hutu ya je ya yi noma. Duk kaka sai ya kawo wa Ya Kaltuma gyaɗa da dawa, ita kuma ta ce gyaɗar ƙanana ce, ta karɓe. A biro ba cikakken ma'aikaci ba ne, yana cikin waɗanda ake sabunta wa zama shekara-shekara. Amma wa zai taɓa shi? Shugaban wurin, Alhaji Zakariya'u, abokin marigayi babansa ne, shi ya ɗauko shi daga ƙauye. Kuma duk Damagaram an san Yakuba Daktilo, wato mai buga keken rubutu: yana buga takarda yana hira, idonsa na kan mutum, yatsunsa na can suna aikinsu.

In ya taso da rana ma ba ya hutawa, yana buga wa mutanen unguwa abin da suka kawo. Ƙarar ta hana Ya Kaltuma barcin rana shekara da shekaru.

"Ni mutum na ba haya, ashe maƙeri ne," ta kan ce. "Wata rana zan zuba wa ƙarfen nan ruwan zafi, mu huta."

"In kin zuba, Iya, wa zai tashe ki sallar la'asar?"

Ba ta zuba ba. Har ta kai ga tana gane halin da yake ciki daga ƙarar. In an ɓata masa rai a biro, duka yake kamar mai sussuka. In an yi masa haihuwa a Zermu, sai ka ce kiɗan ƙwarya.

Ita ce ta fara lura da hannun. Ta ga ya daina zaman shayi a bakin masallaci. Ta ga in zai ci tuwo sai ya sakaya ƙofa. Ta ga hannunsa na dama ya koma zama a aljihun riga kamar wanda ya tare a can. Wata rana ya fito zai tafi aiki ta tare shi a zaure.

"Fito da hannun nan in gani."

"Wane hannu, Iya?"

"Na jakin maƙwabta. Fito da shi."

Ya fito da shi. Babban yatsa da manuni suna ta murza juna kamar masu jan carbi, tafin na karkarwa a hankali, shi kaɗai, ba da iznin mai shi ba.

"Sanyi ne," in ji Yakuba.

"Sanyi? A Damagaram, ana wannan zafi da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

Ta san ciwon. Ta ga yayan mijinta da shi, ta kuma san inda ya kai shi. Ta matsa wa Yakuba har ya je wurin likita, aka ba shi ƙwayoyi, aka gaya masa za su rage abin, ba za su kore shi ba. Ya roƙe ta don girman Allah kada kowa ya ji. Ta ce ita turare take sayarwa, ba labari ba.

Kuma da tsohon kekensa asirin ya rufu. Ƙarfe ne mai taurin kai, ba ya jin shafa, sai duka. Yatsa ya yi rawarsa a kan maɓalli yadda ya ga dama, harafi ba zai fito ba sai an danna shi da ƙarfi. Hannun ma in ya shiga duka sai rawar ta lafa. Haka ya ci gaba, ba wanda ya sani a biro.

Sai aka kawo ordinatar, wato kwamfuta.

Aka ce daga Yamai umarnin ya zo: a kwashe duk kekunan rubutu a kai ɗakin ajiya, kowa ya koyi sabon abin, bayan babbar salla a yi wa ma'aikata gwaji. Wanda ya kasa, in yana cikin ƴan shekara-shekara, ba za a sabunta masa ba. Aka turo wata mata mai suna Madam Munira ta koya masu, aka kuma yarda kowa ya tafi gida da tasa ya yi ta gwadawa.

Ya Kaltuma ta zo ta tsaya a bakin ƙofarsa ranar da ya buɗe ta. Abu ne kamar faifai biyu da aka ɗinke a gefe guda. Na sama madubi ne mai haske. Na ƙasa maɓallai ne a jere, lafe-lafe, a ƙarƙashinsu kuma wani ɗan fili mai santsi, faɗin tafin hannu.

"Wannan filin fa, na aje goro ne?"

"A'a, Iya. In ka ja yatsa a kansa, waccan ƴar kibiyar da ke cikin madubin sai ta bi ka. In ka ɗan taɓa sau ɗaya, ka zaɓi abu. Sau biyu, ka buɗe shi. Madubin ma haka, da yatsa ake taɓa shi."

"To ai ka huta da duka."

Yakuba ya gyara zama. Ya ɗora manuninsa a kan filin. Ƴar kibiyar ta zabura kamar an watsa wa kaza ruwa, ta yi gabas, ta yi yamma, abubuwa suka yi ta buɗewa suna hawa kan juna. Yatsan ya taɓa sau ɗaya a nufinsa, na'urar ta ji sau barkatai. Ya koma kan maɓallai. Wanda ya shafa a kan hanya ya fito, wanda ya ɗan daɗe a kai ya fito a jere kamar tururuwa. Yana cikin gyara wannan, gindin tafinsa ya goga filin, rubutun ya tsallake ya faɗa tsakiyar wani layi can sama. Ya kai hannu madubin zai dawo da shi, layin duka ya yi shuɗi ya ɓace.

Ya zauna yana kallon farin madubi, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

"Wannan ba ta da kawaici," in ji Ya Kaltuma a hankali. "Duk abin da ta ji sai ta faɗa."

Kwanakin da suka biyo baya zauren ya yi tsit, shirun kuwa ya fi ƙarar hana ta barci. Tana daga tsakar gida tana soya itacen turarenta da sukari, kunnenta na zaure. Ba ta jin komai sai tsaki, sai kuma wani lokaci ƙarar mari. Da ta leƙa ta tarar hannunsa yake mara. Ya ɗaure wuyan hannun da tsumma har yatsun suka kumbura. Ya zauna a kan hannun har ya mutu masa, ya ciro shi ya yi layi biyu kafin ya farfaɗo. Ya ƙara ƙwayoyin likita bisa abin da aka ce masa, suka sa shi jiri da amai. Ya sha rubutu, ta shafa masa man kaɗanya da ɗumi. Hannun bai san ana yi ba.

Ya rame har hularsa ta fara yi masa yawa. Wata la'asar ta kawo masa kunu ta tarar ya haɗa kai da gwiwa.

"Iya, in suka sallame ni, me zan je in yi a Zermu? Hannun nan ko iri ba zai zuba a rami daidai ba. Tun ina saurayi ba abin da na iya sai wannan. In shiga gari in ce wa Maryama me? In ce faifai ya kore ni?"

"Ka gaya wa matar nan mai koya maku. Wanda ya san abu ya san inda ake ɗaure shi."

"In ta sani, biro ya sani. In biro ya sani, na gama."

"Yanzu da ba su sani ba, ka fara ne?"

"Iya, na roƙe ki."

Ta fita. Washegari ta yafa mayafinta, ta ƙulle turare mai kyau a ƙyalle, ta hau kabu-kabu tana zagin mai tuƙin tun daga Birni har ƙofar biron. Ta jira sai da aka tashi, ta tare Madam Munira a gindin bishiya.

"Ke ce mai koya wa tsofaffi shafa madubi?"

Matar ta yi dariya ta rusuna. "Ni ce, Kaka. Ina wuni?"

"Kina da uba?"

"Ina da shi."

"To riƙe wannan turaren, ki buɗe kunnenki, ki rufe bakinki." Ta gaya mata komai.

Madam Munira ta karɓi turaren. Ta ce ita ta zaci ƙin abin Yakuba yake yi, don kullum yana can kujerar baya, hannu a aljihu. Ta ce akwai dabara, kuma ba wanda zai ji daga bakinta.

Ta cika alkawari. Ta karɓi na'urar Yakuba da sunan za ta duba wani abu, ta kashe ɗan filin nan gaba ɗaya, ko rawa aka taka a kansa kibiyar ba za ta motsa ba. Ta gyara maɓallan yadda ba za su ji shafa ba sai an danna da niyya, kuma harafi ba zai maimaita kansa ba. Sannan ta zaunar da shi gefe ta nuna masa yadda ake komai ba tare da kibiya ba: wannan da wannan a tare su adana aiki, wannan da wancan su dawo da abin da ya ɓace, waɗannan su kai ka sama da ƙasa. Yawancinsu a gefen hagu suke, inda hannunsa mai lafiya yake. Madubin ne kaɗai ta ce ba ta da ikon kashewa, an kulle wurin daga inda aka aiko su.

"Shi kam kada ka taɓa shi, Malam Yakuba. In ta kama dole, to da hagu."

Ya dawo gida fuska a ɗaure. Ya wuce Ya Kaltuma a tsakar gida ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Kin tona mini asiri," ya faɗa daga cikin ɗaki.

"Na tona. Ka kai ni wurin alƙali, amma ka buga ƙarar da kanka, in gani."

Ya yi kwanaki ba ya kula ta. Amma sai ta fara jin wani abu daga zaure, ƙasa-ƙasa, kamar farkon yayyafi a kan kwano. Yau kaɗan, gobe ya ƙaru. Kafin salla ƙarar ta zama ruwa sosai. Ranar da ya cika shafi guda ba kuskure, ya fito da na'urar a hannu ya nuna mata, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ta duba sama da ƙasa ta ce layukan sun miƙe kamar kunyoyin gona, ba laifi. Ya sayo mata tsire da yamma. Ta ce ya yi gishiri, ta cinye.

Ranar gwaji Ya Kaltuma ta ce tana da masu sayen turare a wajen biron. Ƙarya take, shi ma ya sani. Ta zauna a kan benci a baranda, ƙofar ɗakin a buɗe saboda zafi, tana hango bayansa da gefen fuskarsa. Aka raba masu takarda aka ce su buga. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Hagu na ta kai da komo, dama na taimakawa, in ba a bukatarsa sai ya koma kan cinya ƙarƙashin tebur. Ya riga da yawa daga cikin samarin gamawa. Ta ga ya danna maɓallan nan biyu na adanawa, ya jingina.

Sai Alhaji Zakariya'u ya taso yana zagayawa, tsoho mai farar babbar riga, yana tsayawa bayan kowa. Da ya iso wurin Yakuba ya dafa kafaɗarsa, murna a fuskarsa.

"Masha Allah, ɗan Musa. Ni da aka ce mini abin ya gagare ka! Ina ka sa kwanan watan? Nuna mini, idon ya tsufa."

Ya Kaltuma ta ga hagun ya taso daga kan maɓallai. Ta ga ya kai rabin hanya. Ta ga ya tsaya cak a iska, ya yi jim, ya koma ya kwanta a gefen tebur kamar yaron da aka harara. Ta miƙe tsaye, turaren ya zube daga cinyarta. Kafin ta buɗe baki dama ya fito daga ƙarƙashin tebur.

Yatsan ya isa madubin, ya kama bugunsa. Farce a kan gilashi, ƙas ƙas ƙas ƙas, ɗakin duka na ji. Rubutun ya yi shuɗi, ya kumbura, ya tsallake, rabinsa ya ɓace. Yakuba ya so janye hannun, hannun ya ƙi, tsoro ya ƙara masa ƙarfi, har hannun rigarsa na kaɗawa. Sai da ya kamo shi da ɗayan ya danne a ƙirji.

Madam Munira ta taho da sauri, ta danna maɓallai biyu, ta sake dannawa, komai ya dawo inda yake.

"Ga shi, Alhaji, ba abin da ya ɓace. Duba, ko kuskure ɗaya babu."

Amma Alhaji ba madubin yake kallo ba. Duk ɗakin ba mai kallon madubi.

"Yakuba," ya ce a hankali, "tun yaushe?"

Alhaji ba mugu ba ne. Da kansa ya tako har Birni bayan ƴan kwanaki, ya zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ya ce abin ya faru a gaban mutane, har da wani baƙo da aka turo daga Yamai ya duba gwajin, maganar ta fi ƙarfinsa. Ya ce ciwon ba baya yake yi ba, gara ya koma gida ya yi jinya cikin iyalinsa. Madam Munira ta yi ta faɗa a kan shafinsa yana cikin mafi tsabta, ba wanda ya musa mata, ba kuma wanda ya canza magana.

Da Alhaji ya tafi, Ya Kaltuma ta shigo zauren kamar guguwa.

"Kai wane irin mutum ne? Matar nan ba ta ce maka da hagu ba? Na gan shi ya taso! Me ya mayar da shi?"

Yakuba ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai.

"Iya, Alhaji ne fa. Abokin babana. In nuna masa abu da hagu?"

Ta buɗe baki. Matar da duk Birni ba a taɓa jin an rufe mata baki ba, ta tsaya da shi a buɗe, ta mayar ta rufe. Ta koma tsakar gida. Ranar turarenta ya ƙone a kasko har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya.

Bayan an gama girbi ya haɗa kayansa. Ba su da yawa: tabarma, akwati, buta, sai tsohon kekensa na kansa da ya naɗe a bargo. Aka ɗora a kan amalanke za a kai tashar motocin Zermu. Ba su sake ganin juna ba bayan wannan safiya, don ita ƙafa ta riga ta ƙi mata doguwar tafiya, shi kuma bai ƙara shigowa Damagaram ba.

Ya kulle ɗakin, ya zo gabanta ya durƙusa. Ya ciro makullin da dama, ya tallafi gwiwar hannun da hagu yadda ake yi wa manya, ya miƙa. Makullin na ta kaɗawa a jikin zobensa kamar ƴar ƙararrawar akuya. Matan maƙwabta na kan katanga, wasunsu jikokin waɗanda suka leƙo wancan karon.

Ya Kaltuma ta harɗe hannuwanta a ƙirji.

"Ba zan karɓa ba."

"Iya, amalanke na jira."

"Ya jira. Wannan hannun ya yi aikinsa, ka ƙyale shi ya huta. Miƙo mini da ɗayan."

Ya dubi katanga, ya dube ta. "Haba, Iya. A gaban mutane?"

"A gaban mutanen. Su buɗe ido da kyau su gani. Na ce da hagu, Yakuba. Kuma in ka isa Zermu, da shi za ka ci tuwo, da shi za ka karɓa, da shi za ka bayar. Duk tsohuwar da ta buɗe maka baki a kai, ka ce ta zo Birni ta same ni."